Ƙasar Tukunya a Kan Fistan

Samarin Tamaske in sun dawo daga Libiya, da barguna suke dawowa, da firji, da salula mai faɗin tafin hannu. Nawa ɗan da inji ya dawo. Injin mota, shi kaɗai, ba taya ba kujera, ƙato kamar ɗan maraƙi, sai da ƙarti sunka taru da igiya suna nishi kafin anka sauko da shi daga kamiyo, babbar motar kaya. Ina tsaye ƙofar gida, yumɓu har gwiwar hannu, na ji maƙwabciyata tana raɗa wa wata: "Shekara tara, wai ƙarfe." Wallahi ba don idon mutane ba, da na shafe mata baki da abin da ke hannuna.

Sunana Zali, ginin tukwane nike yi tun ina budurwa. Sunanshi kuwa ba za ku ji shi a bakina ba, don ɗan farina ne. Mu nan uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta kallonshi ido cikin ido. Tun da anka yaye shi kakarshi ta ɗauke shi, wajenta ya girma. In ina da magana, sai in faɗa wa wani shi kai mishi, ko in faɗa wa bango shina ji. Shi ma haka shike yi mani. Kunya ce, haka munka taras, kuma ban taɓa jin nauyinta ba sai bana. Ina son yaron ga har cikina shi yi ciwo, amma ko sannu da zuwa ta bakin ƙanena na aika mishi.

Ƙanen nawa shi ne Ɗanasabe, mai facin taya bakin hanyar Kaita, mutum mai surutun tsiya. A rumfarshi anka aje injin. Ba a jima ba yaron ya tafi Madawa ya jawo gangar wata tsohuwar motar daji wadda injinta ya mutu, ya ce ciki za shi dasa nashi. Daga nan a rumfar shike wuni, shi dawo baƙi ƙirin da mai, shi ci tuwo shi kwanta. Mutanen gari sunka sa mishi ido, wasu na dariya, wasu na tausayi, kuma tausayin ya fi ƙona mani rai.

Ɗanasabe ne ya zo mani da maganar da ta hana ni sukuni. Ya iske ni ina murza ƙasa, ya tsuguna.

"Yaya, ɗanki fa ya yanke magana. Ya ce in injin ga ya tashi lafiya, ya hau dutsin Kaita yadda shike so, masu motocin daji na Tawa da Madawa za su riƙa kawo mishi nasu, shi buɗe garaji shi zauna. In kuwa ya fashe, to ba shi da abin zama. Kamiyon 'yan cin rani za shi bi shi koma."

Na ce, "Oho dai." Na ci gaba da murza ƙasata.

Oho ɗin na baki ne. Cikin shekarun da ya yi can, akwai lokacin da munka daɗe ba mu ji ko ɗuriyarshi ba, har liman ya fara tambaya ko a yi mishi sadaka. Na san hanyar ga ta hamada, na san 'ya'yan unguwarmu da ta haɗiye. In ya sake binta, ban ga yadda zan ƙara rayuwa cikin jira ba. Ga shi girbi ya wuce, samari sun fara ɗaure kaya, kullum safe sai ka ji kamiyo na kuka a tasha. Ni kuwa ba ni da bakin da zan ce mishi kada ka tafi.

Wata safiya na yaye buhun da nike rufe ƙasata da shi, sai na ga an yaguci dunƙule guda, ga shatin manyan yatsu raɗau. Na tashi na zazzage yaran gida tas, sunka yi ta rantsuwa. Na zagi akuya, ita ma ba ta ji ba ba ta gani ba. Sai da hantsi ya ɗaga Ɗanasabe ya shigo shina washe baki.

"Yaya, ki yi guɗa, ƙasarki ta shiga injin Amerika! Ɗanki ne ya ɗiba kina kasuwa. Kunyar roƙonki shike ji."

"Ƙasa cikin inji? Kai da shi wa ya fi wani taɓuwa?"

Ya zauna kan turmi ya shiga yi mani bayani, rabi ya sani rabi shina ƙarawa. Wai cikin injin akwai wasu 'yan ƙofofi na ƙarfe da ake ce wa supaf, waɗansu na buɗewa iska da mai su shiga, waɗansu na buɗewa hayaƙi shi fita. Ƙarƙashinsu kuma fistan na hawa na sauka. In ƙofa ta buɗe sosai, inji shi sha iska shi yi ƙarfi. In ta zarce, fistan shi taso shi daka ta, shi ke nan, inji ya zama na masu awon ƙarfe. To don a san ko akwai wuri tsakaninsu, sai a ɗora ƙasa kan fistan, a rufe, a juya inji da hannu, ƙofar ta sauko ta danna ƙasar, a buɗe a auna kaurin abin da ya rage.

"Ya auna," in ji Ɗanasabe, "ya ce akwai wuri har da saura. Ya ɗaura mafi girman ƙarafunshi, ya rufe, ya ɗaure tam. Yau bayan la'asar za a tada."

Na juya na dubi ramin da anka yi mani. Tsibi biyu gare ni. Ɗaya yumɓu ne zalla, tatacce, na ƙananan kaya irin kaskon turare. Ɗayan na tukwanen girki ne, wanda nike cuɗawa da ƙaiƙayin gero da kashin jaki don kada wuta ta fasa shi. Na biyun ya ɗiba. Na danna babban yatsa ciki, na ɗauke, na zuba ido. Kowace maginiya ta san abin da za ta gani: gindin ramin ya ɗan taso a hankali. Ƙaiƙayi ba shi yarda shi zauna inda anka danne shi.

Gabana ya faɗi. Na ce, "Ɗanasabe, ka ce kaurin abin da ya rage shike aunawa? To ƙasar ga tasowa take yi bayan an danna ta. Ta yi mishi ƙarya. Tashi ka faɗa mishi."

Ya bushe da dariya har da buga cinya. "Haba Yaya! Mutum ya gama shekaru cikin garajin Larabawa, ya sha wuya shina ɗaure ƙusoshi, in je in ce mishi kwance, kashin jaki ya ce? Tasowar duka nawa ce? Ko kaurin farce ba ta kai ba." Ya kaɗe rigarshi ya fice, ɗan banzan ƙane.

Na zauna. Na tashi. Na sake zama. Ni ban san inji ba, wataƙila kaurin farce ba komi ba ne ga ƙarfe mai girman maraƙi. Amma mutumin da ya kai ga satar ƙasar uwarshi don shi auna abu, ai ba abin wasa shike aunawa ba. Da anka sauko daga azahar na yanki dunƙule daga kowane tsibi, na ƙulle a bakin zane, na yafa mayafi na fita.

Ban taɓa taka rumfar ga ba. Na iske maza sun cika ta, masu kabu-kabu da 'yan tasha da masu zaman banza, duk sun zo kallon tada inji. Da sunka gan ni sai hayaniya ta mutu. Shi kuwa shina duƙe cikin bakin mota, ya hangi ƙafafuna, ya miƙe, ya sunkuyar da kai. Na ba shi baya, na fuskanci Ɗanasabe.

"A faɗa wa mai ƙarfen ga, wanda ke ɗibar ƙasar mutane ba sallama, shi dubi nan."

Na aje dunƙulen biyu kan gefen mota, na danna yatsa cikin kowane, na ja baya. Ya tsuguna har idonshi ya yi daidai da su. Ya ciro wani ma'auni mai baki daga aljihu, ya auna zurfin ramin, ya jira kaɗan, ya sake aunawa. Da wutsiyar ido nike kallonshi. Na ga gumi ya tsattsafo mishi a goshi, na ji ya ce innalillahi a hankali.

"Kawu," ya ce, "a miƙo mani kile in kwance ƙusoshin ga. Ba a tadawa yau."

'Yan kallo sunka yi ta gunaguni suna watsewa, wani har da tsaki. Na ɗaura mayafi zan tafi, sai na ji ya sake magana, murya ƙasa-ƙasa.

"Kawu, a roƙa mani Inna ta zauna. Hannunta nike so."

"Ikon Allah!" in ji Ɗanasabe. "Ga ku ga juna, ni na zama salula!" Amma ya jawo mani benci.

Sai ya buɗe injin. Ni da nike zaton cikin inji baƙi ne mai ƙazanta kamar wajenshi, na ga abin da ya sa na manta da rufe baki. Ƙarafa ne jere, sahu biyu, takwas nan takwas can, kowane na ƙyalli cikin mai, kowane ya ɗora kai bisa nashi supaf, ba wanda ya karkace, ba wanda ya fi wani. Na ga aikin hannu a duniya, na ga saƙa, na ga ƙira, na ga ginin masallaci. Ban taɓa ganin abu mai tsari irin wanga ba.

Ya ciro ɗaya ya ɗaga, ya fuskanci kawunshi, amma ni na san da wa shike.

"Kawu, ka san jigon da ake ban ruwan albasa da shi a fadama? To wanga ƙarfe, kulbitar, jigo ne. Ana tura shi ta gindi, kai shi sunkuya shi danna supaf. In ka matsar da gwafar jigo kusa da gindi, ɗan motsi kaɗan sai guga shi nitse da nisa. Haka nan ma. Wanda injin ya zo da shi, in an tura shi ɗaya, shi danna ɗaya da rabi. Matsakaicin ga, ɗaya da shida cikin goma. Babban da na ɗaura, ɗaya da bakwai."

Iri ukku gare shi. Biyun ya ce a juji na tsoffin motoci ya tsinto su can Libiya, ɗaya bayan ɗaya, kuma da za su ƙetare hamada a jikinshi ya ɗaure su, bai yarda ya sa su cikin kaya ba. Ya aje ɗaya daga kowane iri kan benci kusa da ni, kamar ya manta da su. Na ɗauka na duba. A ido ba su da bambanci ko kaɗan. Sai da na rufe ido na shafa, yadda nike shafa bangon tukunya in ji inda ya fi kauri, sannan na ji ɗan kwarmin da ke gindin ɗaya ya matsa kaɗan, kaɗan ƙwarai. A kan wanga ɗan matsi ne zaman ɗana da tafiyarshi sunka rataya.

Na dubi ginshiƙin rumfa na tambaye shi: "Kaurin nawa ake so shi rage?"

"Kawu, a ƙofar shiga, kaurin ƙwayar gero. A ƙofar hayaƙi da ɗan ƙari, don zafi na sa ƙarfe shi miƙe. In injin ga na gudu sosai, kafin ka ce bismillahi ƙofa ta buɗe ta rufe sau hamsin, fistan na biye da ita kamar za shi kama ta, kuma ba su haɗuwa."

Tsigar jikina ta tashi. Ƙwayar gero! Abin da kaza ke tsinta ba ta san ta ci ba. Wuta na ci ciki, ƙarfe na bin ƙarfe da gudun da ido ba shi gani, kuma abin da ya raba su ke nan. Na ce a raina, Allah mai iko, wa ya zauna ya tsara wanga? Sannan na saci kallon yaron da na sani shina rarrafe shina cin ƙasa, ga shi duk wanga lissafi na cikin kanshi, shina faɗinshi a natse kamar mai faɗin sunayen ƙannenshi. Tsoro ya kama ni, da alfahari, duk lokaci guda.

Na murza yumɓu zalla, na shafe shi da ɗan man kaɗe don kada shi manne, na shimfiɗa shi daidai kan fistan inda ya nuna wa kawunshi. Ya maida murfi ya ɗaure. Ya sa dogon kile ya fara juya inji a hankali, sai na ji abin na huci, shina jan iska shina fitarwa. Ya sake kwancewa. Na ɗauki reza na yanka ƙasar tsakiya, na ɗago ta a tafin hannu.

A ƙofar hayaƙi abin da ya rage bai fi ɓawon albasa ba. Haske na ratsa shi.

Yaron ya zame ya zauna ƙasa dirshan. Ɗanasabe ya tuɓe hula ya riƙe.

Aikin bai ƙare ranar ba. Washegari tun da safe na dawo da sabon yumɓu, maƙwabta na leƙe, ban kula su ba. Ya cire manyan ya ɗaura matsakaita, munka sake. A ƙofar shiga ƙasar ta rage ƙwayar gero har da ɗan saura. A ƙofar hayaƙi ta gaza kaɗan. Munka gwada wani fistan, haka ta sake cewa.

"Ka maida ƙananan duka mu huta," in ji Ɗanasabe. "Lafiya lau."

"In na maida ƙananan duka, Kawu, ya zama inji kamar na kowa. Wa za shi taso daga Tawa shi kawo mani mota don in yi mishi abin da kowa ke yi?"

"To ka sa matsakaitan duka, ka yi tawakkali. Gazawar nawa ce?"

Ya tsura wa ƙarafan ido. Ni kuwa zuciyata na kururuwa: ƙananan, ƙananan, a sa ƙananan! Amma na ji abin da ya ce. Ƙananan za su tsare injin su kore mani ɗa, matsakaitan za su iya fasa injin su kore mani ɗa. Na riƙe bakina na murza ƙasar da ba a ce in murza ba.

Ya daɗe tsaye. Ya danna wani resor, naɗaɗɗen ƙarfen da ke maida supaf, da hannu ya leƙa tsakanin zobbanshi, ya sake auna yankakkiyar ƙasar, ya yi zane da tsinke a ƙasa ya shafe. Can sai ya raba ƙarafan gida biyu.

"Matsakaita a ƙofar shiga. Ƙanana a ƙofar hayaƙi."

"Ana haka?" in ji Ɗanasabe. "A gauraya?"

"Ana yi, Kawu. Ba dole ne ƙofar shiga da ta fita su yi faɗi ɗaya ba. Iska shike so, ita zan ba shi."

Ya tattara manyan, waɗanda ya ƙetaro hamada da su ɗaure a jiki, ya naɗe su cikin tsumma. Ya jima riƙe da ƙunshin kafin ya tura shi ƙarƙashin benci. Na ga abin ya yi mishi ciwo, kuma ni ma ya yi mani.

Ranar tadawa da hantsi, taron ya fi na farko. Har maƙwabciyata mai raɗa ta zo ta laɓe bayan wani amalanke. Yaron ya zuba mai, ya duba ruwa, ya zagaya mota, ya shiga. Ya yi bismillah ya murza makullin kontak. Injin ya yi tari, ya yi shiru. Wani ya yi dariya. Ya sake murzawa.

Kai! Ba da kunne na fara ji ba, da ƙirji na ji. Ƙasa ta ɗauki rawa ƙarƙashin ƙafata, kwanon rumfa ya shiga kaɗawa, jakin amalanken ya fizge ya ruga, mai raɗa ta bi shi da ihu. Da ƙarar ta daidaita sai ta zama kamar luguden mata takwas a turmi ɗaya, kowace taɓarya na sauka a lokacinta. Mazan da sunka zo dariya sunka ja baya, baki sake, wani na ta maimaita subhanallahi. Ni kuwa na kasa kunne yadda nike yi ranar gashi, don maginiya ta san ƙarar tukunya in ta tsage cikin wuta, ko da cikin ɗari ce. Na jira, na jira. Ban ji ta ba.

Ya leƙo ta taga. "Kawu, nan ba a gane komi ba tukuna. Sai ya ja kaya ya hau dutsi da gudu. A ce wa Inna ta shigo."

Na ce Allah shi kiyaye, ni in shiga mota da ɗan fari gaban jama'a? Ɗanasabe ya buɗe ƙofar baya ya ce, "Yaya, shiga, ko in ɗauke ki in saka." Na zage shi, na shiga, na zauna bayanshi na ja mayafi har goshi.

Munka fita gari a hankali, yara na bin mu. Munka iso koramar yashi inda kamiyo ke kafewa har fasinja su sauka su tura. Motar ga ta shiga ta fita kamar ba ta ga yashin ba. Sai ga hawan ya miƙe gabanmu, ja wur, da duwatsu gefe da gefe, hawan da manyan motoci ke rarrafawa ana bin su a baya da katakon tokare taya. Na ga ya gyara zama, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya taka.

Luguden ya ɓace. Ƙarar ta haɗe ta zama guda ɗaya, doguwa, tana hawa tana hawa, har na ji ta cikin haƙorana. Wani abu ya danna ni jikin kujera. Duwatsu da ƙayoyi sunka zama zane-zane a taga. Ɗanasabe, mai bakin ga, ya riƙe ƙofa shina salati da muryar mata. Ni ban rufe ido ba. Ina ganin abin da ke faruwa can ciki kamar an buɗe mani murfi: jigunan ga goma sha shida na sunkuyawa suna tashi, ƙofofi na buɗewa, fistan na tasowa da wuta a bayanshi, shi zo gab da su, gab, shi koma. Na ce ya Allah ka riƙe ƙwayar geron ga, kai ka halicce ta. Ƙarar ta ƙara hawa, na ce yanzu za ta tsage, yanzu. Sai na ga sama ta buɗe gabanmu, hanya ta kwanta, mun hau.

Ya rage gudu, ya ratse gefe, ya bar injin ya ɗan huce, ya kashe. Shiru ya sauko. Ba abin da kake ji sai iska da ɗan ƙas-ƙas na ƙarfe mai zafi. Ta taga na hangi kwarin duka shimfiɗe ƙasa, lambunan albasa kore shar, da Tamaske can ƙarama kamar in rufe ta da faifai. Hawan da nike cinye safiya guda in na zo itace, ga shi mun gama shi ban kai ƙarshen addu'ata ba.

Ɗanasabe ya buɗe ƙofa ya fita shina tangaɗi, ya riƙe ciki, ya nufi wani kurmin sabara can nesa. Sai ya zama daga ni sai shi. Rabon da mu kasance mu biyu tun shina shan nono. Bai juyo ba, hannunshi na kan sitiyari. Na ɗaga mayafi kaɗan na dubi ƙeyarshi. Ashe furfura ta fara fito mishi. Ga wani tabo dogo bayan kunne wanda ban san inda ya same shi ba, ban san wanda ya yi jinyarshi ba.

"Inna."

Ba kawu a maganar.

"In kin sami sarari, ki gina mani randa. Ta ɗakina."

Randa ba kayan matafiyi ba ce. Ba a ɗora ta kan kamiyo. Gindinta ake binnewa cikin yashi a kusurwar ɗaki, ta zauna nan shekara da shekaru.

Na waiga neman Ɗanasabe, shina can duƙe bayan sabara, ko na yi kira ba shi ji. Na duba dama da hagu, ba bango, ba ginshiƙi, ba wanda zan aika. Hawaye sun riga sun jiƙe mani mayafi. Na yi magana haka nan.

"Babba ko ƙarama?"

Ya kifa goshi kan sitiyari, kafaɗunshi na motsi.

"Babba, Inna."

Na ce to.